Fartanyar da Malam Hudu ya ɗora min

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labari ya iske ni a tsakar gida, ƙafa ɗaya cikin robar ruwan ɗumi. Aka buga ƙofa, na ce wa uwar 'ya'yana, "Idan Malam ne, ki ce kumburin bai sauka ba." Ashe ƙaninsa ne. Malam Hudu ya rasu bayan sallar asuba, a kan darduma, carbi a hannu.

Ƙafar kuwa ni na jawo wa kaina. Ranar Litinin na faki ido na zauna wajen mai shayi, na ce a zuba min madara da sukari irin na masu lafiya. Ina kai kofi baki na hango farar hular Malam. Ni, mai 'ya'ya shida, na zabura zan tsallake kwata in ɓuya bayan shago. Kwatar ba ta yarda ba. Na targaɗe.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Hudu shi ya koyar da mu a firamare nan Rano. Ya yi iya yinsa a kaina, lissafi ya ƙi shiga. Ban gama sakandare ba na koma sayar da kayan babur. Sai da na kusa hamsin ya sake samuna a aji.

Shekara biyu ke nan da likita ya ce ina da suga, ga hawan jini a kai. Ya ce in riƙe magani, in rage loma, in dinga tafiya a ƙasa. Lokacin in zan ɗaura takalmi sai na yi shawara da tumbina. Na dawo gida na kalli autata Zainab, ko makaranta ba ta shiga ba, na ce wa ya san wanda zai raka ta. Ranar ban yi wa kowa barkwanci ba.

Washegari na fita tafiya. To amma kun san garinmu. Mai sayar da kayan babur a ƙasa? Ban yi nisa ba wani ya ja birki.

"Alhaji Garba, lafiya? Mashin ɗin ya lalace ne? Hau mana."

In ka ce a'a, ka raina shi. In ka ce motsa jiki kake, kafin azahar gari ya ɗauka karayar arziki ce. Sai in haye. Sati guda ina motsa jiki, kullum a bayan babur ake dawo da ni gida. Har na ƙara ƙiba.

Malam, wanda shi ma ya daɗe da sugan, ya ji labari. Wata safiya ya yi sallama da fartanya biyu, ya ɗora min ɗaya a kafaɗa.

Na ce, "Malam, ni ko gona ba ni da ita."

Ya ce, "Garbati, wa ya taɓa tsayar da mai zuwa gona? Sai dai a ce masa Allah ya ba da sa'a. Wuce mu tafi."

Wallahi haka aka yi. Babura na wucewa, ana ɗaga mana hannu, "A yi aiki lafiya!" Ba wanda ya tsaya.

Ranar farko iyakarmu wata tsamiya a hanyar Lausu, nan na zube ina haki. Bai yi min dariya ba. Ya ce gobe ma tsamiyar ce, jibi ma ita ce. Sai da na yi sati uku kafin ya bar ni na wuce ta.

Ba ya barin a yi sauri. Ma'auninsa gaisuwa. Ya ce in har ba zan iya kai gaisuwa tun daga "ina kwana" zuwa "ina gajiya, ya iyali" ba tare da numfashi ya yanke ba, to in rage tafiya.

Kullum da dabino uku a aljihunsa, ko sugan wani zai faɗi a hanya. Na sha yin ƙaryar jiri don dabinon. Yana sane. Sai ya ba ni rabi.

Kafin mu taka sai ya tambaya, "Ka sha maganinka?" In mun dawo ya sa in cire takalmi ya duba tafin ƙafata, ko ƙaya ta shiga ban ji ba. Dattijon da ya haura saba'in, durƙushe gaban ɗalibin da ya fi kowa ba shi wahala.

Da rani ya shigo asiri ya tonu, don ba a noma a rani. Maƙwabcina Alhaji Tasi'u mai hatsi ya raɗa mana suna manoman titi. Kullum daga kan bencinsa zai ɗaga murya, "Garba, bana buhu nawa kwalta ta bayar?" Surukata kuma da ta ga na zabge, ta kira 'yarta gefe ta tambaye ta ko abinci take hana ni. Tela ya rage min riguna sau biyu. Likita ya duba takardata, ya dube ni, ya ce in ci gaba da abin da nake yi.

Zainab yanzu tana aji biyu. Ni nake raka ta, a ƙasa.

Na taɓa tambayar Malam me zan yi masa. Ya ce, "Ni ba komai. Tasi'u ma likita ya gaya masa abin da ya gaya maka, tsoro ne yake ɓoyewa da tsokana. Ka ɗora masa fartanya, mun rabu lafiya." Na ce to. Wata takwas ina cewa to. Gaskiya kunyar bakin Tasi'u nake ji.

Haɗuwarmu ta ƙarshe shekaranjiya ce, ya zo duba ƙafar. Na fara tsara masa yadda santsi ya kwashe ni. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Shayin ka shanye kuwa, ko asara biyu ka yi?" Muka yi dariya har ya share hawaye. Da zai fita ya juyo, ya ce, "Shayi ɗaya ba ya rushe shekara biyu. Ka warke mu koma. Kuma Tasi'u fa, Garbati?"

Na ce, "Sai ƙafa ta warke, Malam."

Yau da hantsi muka kai shi. Na ɗingisa har maƙabarta, fartanyar ce sandata. Da aka zo rufewa wani ya ce a miƙo fartanya, na ce a'a, ni zan ja ƙasar. Shekara biyu tana kafaɗata ba ta taɓa shiga ƙasa ba sai yau.

Raina a kwance yake game da Malam. Ya yi tsawon rai da ƙafafunsa, ya tafi da alwala, jama'a ta cika hanya. Amma a dawowa na tarar da Alhaji Tasi'u zaune a bakin titi, gumi ya jiƙa masa riga. Ya biyo gawa, rabin hanya numfashi ya ƙi. Bai tsokane ni ba. Ya ce, "Garba, ko raka shi ban iya ba."

Na roƙi iyalan Malam fartanyarsa, sun ba ni. Gobe bayan asuba zan tsaya ƙofar Tasi'u da guda biyu. Da gurguwar ƙafata da tumbinsa, tafiyarmu za ta zo daidai. Iyakarmu tsamiya.

In kun gan mu, kada wanda ya ja birki. Ku ce Allah ya ba da sa'a, ku wuce.

Allah ka jiƙan Malam Hudu, ka haskaka kabarinsa, ka sa duk takun da ya yi da mu ya same shi a mizani. Ka ba iyalansa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a, ya haɗa da ni Allah ya ba ni ikon sauke wannan alkawari.