Ranar da na tashi sa wa ɗana Ajuji

Shekarun baya ne, a wata shekara da aikin hajji ya faɗo cikin tsananin zafi, matata ta haifa mana ɗa namiji a wani asibiti da ke unguwar Zahir a nan Makka. Haihuwarmu ta fari ke nan. Ni kuwa da ma Allah ya yi ni da rawar kai, sai abin ya zama kamar an watsa wa wuta fetur. Tun kafin in ga fuskar yaron da kyau na riga na buga wa rabin mutanen unguwarmu Hindawiyya waya, har da mai gasa mana tsire a bakin layi.

Maganar suna ban tsaya shawara da kowa ba, don na daɗe da ajiye shi a raina. Sunan kakana zan mayar, mahaifin babana. Mutumin nan da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa, ya ratsa Cadi, ya yi shekaru yana cirar auduga a Sudan kafin ya hau jirgin ruwa ya iso Makka. Ya rasu ina yaro, amma ina ƙaunarsa ƙwarai, har yau idan na ji ƙamshin shayi mai na'a-na'a shi nake tunawa. Mu jikoki Sidi muke ce masa, kamar yadda yaran Makka ke kiran kakansu, tsofaffin unguwa kuwa Ajuji suke kiransa. Ajuji! A kunnena babu suna mai daɗinsa, kuma duk faɗin Makka ban taɓa jin wani mai shi ba. Ga shi yana da huda a kunne ɗaya, ni kuma tun ina ƙarami na yanke hukunci cewa alamar 'ya'yan sarauta ce. Ba wanda ya faɗa mini haka. Ni na ƙirƙiri abina, na kuma yi imani da shi.

Matata haihuwar Zahir ce, Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinta. Da na faɗa mata sai ta ce, "Ma sha Allah, ism nadir! Esh ma'anarsa?" Wato suna ne da ba a cika ji ba, me yake nufi. Ko tari ban yi ba na ce mata jarumi ne, irin wanda ba ya ja da baya. Abokaina Larabawa kuma na shaida musu cewa sunan sarakunanmu ne na can ƙasa. Daga nan na zarce shagon alewa na ba da aikin 'yan kwalayen cakulan da ake rabawa ranar suna, na ce a buga sunan a jikin kowane kwali da ruwan zinare.

Sai da na gama wannan duka sannan na nufi Hindawiyya in yi wa mahaifiyata albishir. Babana ya riga mu gidan gaskiya, ita ce babbar gida. Irin matan da ce, tunda nake ban taɓa jin ta furta sunan surukinta ba, Tsoho take cewa. Na same ta tana tankaɗen garin kunun mai jego, na zauna baki har kunne.

"Ya Ummi, Sidi ya dawo! Ajuji za a raɗa wa yaron."

Rariyar ta tsaya cak a hannunta. Ta dube ni irin kallon da ake wa wanda ya shigo masallaci da takalmi.

"Wa ya aike ka?"

"Ba kowa. Ni na ga ya dace."

"To in wannan sunan za ka sa, ka je ka yi bikinka. Ƙafata ba za ta taka wurin ba, yaron ma ba zan ɗauka ba."

"Lesh, ya Ummi? Don me?"

"Halas. Na gama magana."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Na fito raina a jagule. Jikanta na farko, a ce ba za ta ɗauka ba? Na yi ta saƙa da warwara a hanya, har na ce wa kaina wataƙila wata tsohuwar ƙullalliya ce tsakaninta da Sidi. Amma fa ban janye ba. Na ƙudura zan tattaro mata hujja a kan darajar sunan nan har sai ta sauko kafin ranar suna.

Hujja kuwa a ƙofar shagona take yawo. Ina da shago a Aziziyya, ina sayar da jallabiya da dardumar salla da carbi, kuma kwanakin nan na kafin a fita Mina unguwar cike take maƙil da alhazai. Kano da Sakkwato da Maraɗi da Gwambe, duk ƙasar Hausa ta zo ta same ni har gida. Sai na mayar da ciniki bincike. Duk wanda ya shigo, kafin ya taya kaya sai na tare shi: "Alhaji, don Allah a garinku akwai mai suna Ajuji?"

Wani matashi Bakano ya yi dariya ya ce sai dai a ƙauye, can wurin tsofaffi. Wata malamar firamare daga Kaduna ta ce shekara da shekaru tana koyarwa, ba ta taɓa kiran sunan a aji ba. Wani mutumin Gwambe ya ce a wajensu ana jin sa, amma na kakanni ne da ake liƙawa a ƙarshen suna. Wani Bamaraɗe ya ce da maza da mata duk ana sa musu. Abu ɗaya dai da bakinsu ya haɗu a kai shi ne, duk mai sunan da suka sani furfura ta gama cin kansa. Ni kuwa kowace amsa ƙara kumbura ni take yi. Na ce ka ji suna mai tsada, ba irin na kowa da kowa ba. Ni zan tayar da shi, kuma a Makka!

Abu ɗaya ne ya ɗan ɗaure mini kai. Wani dattijo Basakkwace, da na ce masa jaririna zan sa wa, sai ya ajiye jallabiyar da yake dubawa, ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Allah shi ba ka haƙurin na baya, ɗana. Allah shi sa wanga mai tsayawa na." Na ce amin da ƙarfi, ina tsammanin irin barkar Sakkwatawa ke nan. Wata Hajiya ma da na faɗa mata sai ta yi ajiyar zuciya, ta ce in gai da matata da haƙuri. Ko a lokacin ban farga ba.

Ana jibi suna, bayan la'asar, wani mutum ya shigo da mahaifiyarsa, tsohuwa 'yar firit daga wani ƙauye na Damagaram, za ta sayi carbi na tsaraba. Na yi tambayata kamar kullum. Mutumin ya yi murmushi ya nuna ta.

"Ai ga mai sunan nan a gabanka."

Wallahi ban san lokacin da na tsallake kantar shagon ba. Na jawo mata kujerata, na kawo shayi, na kawo dabino. Yau ga ni ga takwarar Sidi! Na shiga zuba mata labari, da kakana da hudar kunnensa da kwalayen cakulan, ban rage komai ba. Ita kuwa tana kurɓar shayinta tana kallona. Da na yi shiru sai ta ce:

"Nawa ka binne, ɗana?"

"Binne me, Hajiya?"

"'Ya'ya."

"A'uzu billahi! Ɗan fari ne."

Ta ajiye kofin. "To me ya yi maka da za ka kai shi juji?"

Na ce mene ne juji. Ɗanta ya ce, "Inda ake zubar da shara." Mu a Hausarmu ta Makka zibala muke cewa, tunda uwata ta haife ni ban taɓa jin wannan kalma ba. Na yi tsuru-tsuru kamar an kama ni da kayan sata.

Tsohuwa ta gyara zama. "Uwata wabi ta yi ta yi. Ta haifa ta binne, ta haifa ta binne, ba wanda ya kai yaye. Da aka haife ni sai ungozoma ta naɗe ni a tsumma, ta kai ni kan juji ta ajiye, ta juya baya kamar ba a so. Wata tsohuwa ta zo ta ɗauka ta ce ta tsinci abinta. Wai don mutuwa ta ga ba a damu da ni ba, ta wuce. In namiji ne a huda mishi kunne ɗaya, kamar na kakanka. Rai a hannun Allah yake, mun sani, malamai ma sun yi ta hani. Amma uwar da ta gaji da kuka, ba abin da ba za ta gwada ba."

Duk da haka bakina bai mutu ba. Na ce to me ya sa sunan ya yi ƙaranci yanzu.

Sai ta yi dariya har da tafa hannu. "Ka gode wa Allah, yaro! Yanzu akwai asibiti, akwai allurar rigakafi, yara na tsayawa. Wa zai sa? A garinmu mu biyu muka rage, kuma kullum addu'ata kada a samu na uku."

Ban taɓa jin farin ciki da kunya sun haɗu mini lokaci ɗaya kamar ranar ba. Na ba ta carbi mafi kyau da ke shagon, na ja ƙofa, na tari tasi sai Hindawiyya.

Na sami mahaifiyata a kan darduma. Wannan karon durƙusawa na yi. Na ce, "Ya Ummi, na ji asalin sunan. Ki yafe mini."

Ta juyo ta ce, "Kai a tsammaninka kai ne ɗan farina?"

Na ce eh mana.

"Ba ka lura ina kiran sunanka gatsal ba? Wace Bahaushiya ce ke kiran sunan ɗan fari?"

A nan na ji abin da ban taɓa ji ba. Akwai yayyena mata biyu da suka riga ni zuwa, suka kuma koma tun suna tsumma. Da aka haife ni, tsofaffin matan unguwa suka zo suka ce a yi mini yadda ake yi a gida, a fitar da ni bakin zibala, a huda kunne, a sa sunan. Ta ce ita a lokacin ta yarda, don tsoro ya gama cinye ta. Sai Tsoho ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa ya ce, "Ni an kai ni juji, ya isar wa zuriyata duka. Ba a garin Ɗakin Allah za a yar da jikana ba. In na mutu a binne sunan nan tare da ni."

"Kai kuma," in ji ta, "ka zo mini da haƙora waje za ka tono shi, ka ɗora wa lafiyayyen yaro."

Na ce to da ma yana da wani sunan? Ta ce wane Musulmi ne ba shi da sunan yanka. Na ce ta faɗa mini. Ta harare ni, don ko a wannan halin ba za ta kira sunan surukinta ba. Ta kau da kai ta ce, "Annabin da 'yan'uwansa suka jefa rijiya."

Na daka tsalle har hulata ta faɗi. "Yusufu!"

"Ni dai ban faɗa ba," in ji ta, tana share ido da gefen mayafi.

Ranar suna tun da hantsi ta iso Zahir da ƙullin garin kununta, ta karɓi yaron ta ƙi ba kowa. Yusufu aka raɗa masa. Tana jijjiga shi tana ce masa Abba, kuma sunan da ya bi shi ke nan a gida. Matata da na ba ta labarin jarumin da ba ya ja da baya, dariya ta yi har sai da ta riƙe ciki tana roƙona in fita daga ɗakin. Cakulan ɗin nan kuwa juye shi muka yi a faranti, kwalayen masu ruwan zinare na kwashe su da kaina na kai zibala, inda ya dace da su.

Abin da na ɗauka daga wannan, ban ƙara yanke wa wani abu na iyaye ma'ana da ka ba. Mu da aka haifa a nan muna riƙe da guntayen abubuwan gida, kalma nan, al'ada can, ba mu san nauyin da ke ƙarƙashinsu ba. Kuma na daina jin tausayin sunan da ya ɓace sai na san abin da ya ɓatar da shi. Wani sunan ƙarancinsa albishir ne.

Yaron yanzu ya kusa kamo ni a tsawo. Kwanaki ya dawo daga makaranta yana ƙunƙuni, wai a ajinsu kawai masu sunansa sun fi a ƙirga, in malami ya kira sai su waiwaya gaba ɗaya. Ya ce, "Ya Baba, lesh ba ka sa mini suna na daban ba, wanda ba kowa ke da shi ba?"

Na dube shi tun daga sama har ƙasa, kunnuwansa biyu lafiya lau, ga ƙaton takalminsa ya tare ƙofa. Na ce, "Je ka ci abinci, Abba. Allah ya ƙara yawanku."