Balan-balan a Kan Sikeli

Har na bar aiki ban manta da ranar da sikeli ya nemi ya kunyata mu ba. Lokacin ina mai kula da ɗakin gwaje-gwaje a wata sakandare a Muchia. Aikina in wanke kwalabe, in auna sinadarai, in shirya komai kafin malami ya shigo.

Sabuwar malamarmu ta kimiyya, Malama Rifkatu, ita za a duba a ranar. A ƙa'ida, sai sufeto ya zauna a ajin sabon malami ya rubuta rahoto kafin a tabbatar masa da aiki. Darasinta shi ne: idan sinadarai suka haɗu suka sauya kama, nauyinsu ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa.

Na zuba ruwan tsamin nan da ake kira kal a kwalba, na sa garin soda cikin balan-balan, na ɗaure shi a bakin kwalbar, muka auna. Malama ta juye garin cikin kwalbar, kumfa ta taso, balan-balan ya kumbura. Muka sake dubawa, sai ga nauyi ya ɗan ragu.

Malama ta kalle ni. Na shafa ruwan sabulu a ɗaurin in ga ko iska na fita, babu. Na sauya sikeli muka maimaita, ya sake raguwa. Ɗalibai suka fara gunaguni, ni kuwa gumi kawai nake yi, ina zargin hannuna. Na raɗa mata cewa ta gaya wa ajin sikelin ne ya lalace.

Ba ta bi shawarata ba. Ta fuskanci ajin ta ce, "Gaskiya ban san dalili ba. Ku rubuta abin da kuka gani."

Sufeton, wani dattijo, ya yi rubutunsa ya fita.

A Keke Napep, a hanyar komawa gida Samaru, ina ta juya abin, ban gane ba. Washegari Malama ta zo da kwalba mai murfin murɗawa, muka gwada da gari kaɗan, nauyi bai motsa ba. Ta ce iskar ɗaki ce ke ɗan tallafe balan-balan in ya kumbura, kamar yadda ruwa ke ɗaga ƙwarya. Sai da ta maimaita bayanin sau uku na kama, shi ma ba duka ba.

An tabbatar mata da aiki. Ni da na girme ta nesa ba kusa ba, a wurinta na koyi cewa a wannan sana'a ba a yi wa yara ƙarya don a rufa wa kai asiri.