Ranar da Aka Zare Takobin Surukina

Ku matso kusa, 'ya'yana, ku ba ni aron kunnuwanku.

Shekarun baya, a gidanmu na Garwa akwai wani takobi da surukina ya dawo da shi daga Makka, tun zamanin da ake tafiya ta ƙasa. Wani alhaji daga tsibiran gabas ne ya ba shi, saboda jinyarsa da surukina ya yi a can. Surukina ya bar doka guda: in an zare shi, ba ya komawa kube sai ya sha jini. In ba a ba shi ba, zai zaɓa da kansa a cikin gida. Sau ɗaya na ga maigidana ya zare shi don shafa masa mai, da zakaran da zai yanka masa ɗaure a gefensa. Ruwan takobin a lanƙwashe yake, kamar sawun maciji a yashin Binuwai.

Bayan rasuwar maigidana, wata rana da azahar sai ga ɗana, shi kaɗai ne namiji da Allah ya bar mini, ya shigo zaure da wani Bature mai tara tsofaffin takubba.

"Dada, kallo kawai zai yi, ya faɗa mana shekarunsa."

Na ce, "Ya kalli kuben, ya ishe shi."

"Haba Dada, ana gane shekarun doki ba a buɗe bakinsa ba?"

Kafin in sake magana ɗana ya zare. Na waiwaya neman zakara. Ciwon kaji ya share unguwarmu a watan, ko ɗan tsako babu a gidan.

Baturen ya karɓa da hannu biyu yana ta Faransanci, ɗana yana juya mini. Wai sunan irin wannan takobin kiris, aikin mutanen Moro ne, Musulmin ƙasar Filifin. Ya nuna wani ƙarfe a gindin ruwan, kusa da mariƙi, ya ce daban aka ƙera shi aka haɗa, kuma wannan alamar tsufa ce, don na baya-bayan nan layi kawai ake ja. Ya bi zanen ganyen da aka sassaƙa a jiki da yatsa. Sannan ya nemi lemun tsami, ya matse, ya goga.

Ina tsaye ina kallo ƙarfen ya fara duhu. Wasu layuka suka taso daga cikinsa, suna murɗewa kamar jijiyoyin hannun tsoho. Baturen yana murna, wai ƙirar da ce ta bayyana, takobin ya haura shekara ɗari. Ni abin da na gani, abu ne ya farka da ƙishirwa, aka ba shi tsami.

Ɗana ya ɗauko kube zai mayar.

Na ce, "Kai! Dokar kakanka fa?"

Ya yi dariya. "Dada, camfi ne. Ki bari mana, gaban baƙo."

Na dubi wuyansa, inda jijiya ke bugawa. Shi ya zare, shi za a nema. Ban san lokacin da na miƙa hannu na damƙe kaifin ba, na ja.

"Madam! Madam!" Baturen ya yi tsalle. Ɗana ya yi salati ya naɗe mini hannu da hularsa. Jini na zuba a tabarma, ni kuwa sai cewa nake, "Yanzu mayar. Mayar, ya sha." Shi Baturen, bayan ya tabbatar ban suma ba, sai ya koma goge takobin da sauri, wai jini yana kawo tsatsa. Ashe shi ma da nasa tsoron.

Ɗinki aka yi mini a asibiti. Malamin unguwarmu ya zo dubiya, ya yi mini faɗa sosai, ya ce ƙarfe ba ya kashewa ba ya rayawa sai da ikon Allah. Na yarda, na yi istigfari. Amma ban ɓoye muku ba, in aka maimaita ranar ban san abin da hannuna zai yi ba. Tsoron uwa ba ya jiran fatawa.

Baturen ya koma ƙasarsu da hotuna kawai, bai ƙara tambayar takobin ba. Malamin ya rasu, Allah ya jiƙansa. Takobin yana akwati, ɗana ya sa masa kwaɗo da hannunsa. Yatsuna biyu ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Ɗana yana garin Gider da shagonsa da 'ya'yansa, furfura ta fito masa, har yau yana cewa camfi ne. Ba na yi masa gardama. Ina dai zama in kalle shi yana cin tuwo.