Kafaɗar da Ke Gefen Talabijin

Baba Hosea mutumin Michika ne. Shekarar da 'yan Boko Haram suka shiga garinsu, da ƙafa ya fito, shi da autarsa Kezia. A wani kwari aka buɗe wa masu gudu wuta, kowa ya yi ta kansa, da ya waiwaya bai gan ta ba. Tun daga nan yake zaune a Jimeta wurin babban ɗansa Ephraim, malamin firamare, yana noman alayyafo a ɗan filin da aka ara masa a bakin tafkin Njuwa.

Ba mai yawan magana ba ne. Amma idan lokacin labarai ya yi, ko tuwo ne a gabansa sai ya ture, ya ja kujerar roba har gwiwarsa ta taɓa tsohon talabijin ɗin gidan, ɗan ƙarami mai ƙusumbi. Duk sanda sojoji suka kuɓutar da mata daga daji, ana nuna su zazzaune a ƙasa, shi kuwa yana bin fuskoki da yatsa.

Wata rana ya ga kafaɗa. Can gefen dama, inda hoton ya ƙare, wata mace ce zaune, ba a ganin komai nata sai kafaɗa da hannu. Hannun yana da tabon ƙuna, irin wanda Kezia ta samu wurin suyar ƙosai tana yarinya. Tsohon ya tashi ya leƙa gefen akwatin kamar mai leƙen taga. Bango kawai ya gani.

"Akwatin nan ya yi kaɗan," ya ce wa Ephraim. "Shi ya yanke ta. Da babba ne, da ta shigo ciki."

Ephraim ya samo bidiyon a wayarsa, ya bi sansanonin 'yan gudun hijira yana nunawa, ba wanda ya san inda aka kai matan. Ya gaya wa uban cewa girman talabijin ba ya ƙara mutane. Baba Hosea ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To, mu je dai mu gani."

Suka je shagon Ignatius a kasuwar Jimeta, inda manyan talabijin marasa ƙusumbi ke jere a bango. Ignatius ya tare su da fara'a.

"Baba, barka da zuwa! Ka ga wannan? In ka kalli ƙwallo, har gumin gola za ka gani."

"Ba ƙwallo ba ne, ɗana. Wanne ya fi faɗi?"

Aka haɗa wayar da na farko. Matan suka fito manya, kafaɗar tana nan a gefe. Baba Hosea ya nuna na kusa da shi. Aka sake haɗawa. Haka suka bi bangon, Ignatius ya daina barkwanci, yana zare waya yana sawa. Na ƙarshen ya kai faɗin ƙofa. A cikinsa tabon ya fito fili, girman tafin hannu, amma fuskar ba ta shigo ba.

"Baba," in ji Ignatius a hankali, "mai kyamara ne bai juya ba. Ko na kawo maka mai girman gidan nan, iyakarsa ke nan."

Tsohon ya ɗora tafinsa a bakin gilashin, ya daɗe bai ɗauke ba.

"Babu wanda ya fi wannan?"

"Babu, Baba."

"To, a naɗe mana shi. Aƙalla hannun ya fi fitowa."

Ephraim ya biya kuɗin talabijin ɗin. A keke-napep suka kai shi gida, uban na rungume da kwalin.

Yanzu talabijin ɗin yana nan rataye a falo, maƙwabta na shigowa kallon ƙwallo suna yabon Ephraim. Alayyafon bakin Njuwa kuwa ya bushe, mai filin ya ba wa wani. Idan baƙi sun watse, Baba Hosea yakan ce a sa masa bidiyon. Ba ya zama a tsakiya. Kujerarsa tana can jikin bangon hagu, yana karkata wuya yana duban gefen dama, ko za ta ɗan matso.