Akushin Inna Ba Ya Shiga Gilashi

Shekarar da aka ƙara wa Baba girma a masaƙa, gidanmu na Makera ya canza kama. Aka kawo kujerun kushin, aka kafa shogilas cike da tangaran da ba mai taɓawa, aka rataye hoton Ka'aba a firam mai ruwan gwal. Abu guda ne ya tsone wa Baba ido: baƙin akushin mahaifiyarsa, Inna, wanda ta ɗora a saman shogilas ɗin, ga tsaga a gefensa an ɗinke da waya.

"Inna, wannan fa yana ɓata falon nan," in ji Baba. "Masu robobi suna karɓar tsofaffin kaya. Gobe sai in canzo miki baho sabo fil."

Inna ta kau da kai. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta yi musu da shi a gabanmu. Sai da aka idar da magariba, muka kewaye murhu a tsakar gida, Baba na gefe a tabarma yana jan carbi, sannan ta gyara murya.

"Ku matso, ta yau gajera ce. Mai kunne ya ji, ko yaro ne ko mai gemu."

Wai wata mata ce ta gaji akushi daga kakarta, mummuna, baƙi ƙirin. Amma ko loma ɗaya aka bari a ciki, da safe sai a tarar ya cika da tuwo. Rannan wani bafatake ya zo da tasa mai sheƙi. Matar ta leƙa, ta ga fuskarta a ciki, ta ce ai ba ta san haka take da kyau ba. Nan take ta ba da akushi ta karɓi tasa. Da shekarar fari ta zo, 'ya'yanta na kuka, ta buɗe tasa, ba komai sai fuskar nan tata, ta rame.

Na ce, "Inna, to me suka ci?"

"Sai ki tambayi masu son ƙyalli, 'yar nan." Ta tura itace cikin wuta. "Ni dai nawa, a cikinsa na yaye wani da ba na faɗin sunansa, shekarar da sai tuwon dusa. Wanda zai fitar da shi, ya haɗa da ni."

Carbin Baba ya tsaya cak. Washegari mai robobi ya yi ta sallama a ƙofa, Baba ya leƙa ya ce, "Malam, Allah ya ba da kasuwa, ba mu da na canji." Ranar a akushin ya ci tuwonsa, ya suɗe tas.

Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta, akushi ya dawo hannuna. Na daɗe ina zaton darasin shi ne kada a yar da tsohon abu. Sai bara 'yata, mai sana'ar ƙawata gidaje, ta gan shi ta rikice. Wai yanzu masu hali neman irinsa suke ido rufe.

"Mama, bari in sa masa akwatin gilashi da 'yar fitila. Amma a daina zuba miya a ciki."

A nan na gane. A da an so a fitar da shi don muni, yanzu za a kulle shi don kyau, kuma duk hanya ɗaya ce ta raba shi da tuwo. Na ce mata ta rataye fayafayai da hotuna yadda ranta ke so, amma wannan, duk Juma'a jikokina za su zagaye shi da hannuwansu. In ya ƙara tsagewa, akwai waya.