Ɗan Farin Batulu da Rumfar Bayan Darni

Muna sallame sallar asuba muka kama hanyar tasha a Kassala, ni da maƙwabciyata mai sarin riɗi. Ita kasuwa ce ta fito da ita, ni kuwa labari ne ya hana ni zama. Batulu, ɗiyar ƙanwata, ta haihu a Mafaza, haihuwar fari, ɗa namiji, amma an ce yaro ya ƙi kama mama, da ruwan dabino ake lallaɓa shi. Uwarta ta rasu, ni kaɗai na rage mata a ɗakinmu. Na so in ɗauko ta goyon ciki tun cikin bai tsufa ba, sai damina ta shiga tsakaninmu, kuma wanda ya san baƙar lakar ƙasar Gadarif ya san ba a yi mata gardama.

Kuɗin mota kam kada ku tambaye ni, sai da na sake duban yaron motar ko wasa yake yi. Maƙwabciyata ta yi ta mita har barci ya kwashe ta, ta jingina kai a kafaɗata tana minshari, ba ta farka ba sai a shingen bincike, inda ta rantse idonta biyu tun daga gida. A Shuwak muka karya da ful, dafaffen waken nan mai man riɗi, da zalabiya, wato soyayyen fanke, da shayin madara. Ful ɗin ya yi, amma burodin ya ƙanƙance har na ji masa kunya.

Gadarif na nan da rumbunan hatsinta da ake hangowa tun daga nesa. Bakin kasuwa cike da leburori, kowa da laujensa da ƙullin kayansa, suna jiran lorin da zai kwashe su gonakin riɗi. Nan mahaifinmu yake kawo mu bayan girbi muna yara, ya saya mana alewa da takalman sallah, ni da uwar Batulu mu yi ta faɗa a kan wanda ya fi ja. Na tsaya daidai wurin, wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Yanzu garin ya cika da waɗanda yaƙi ya koro, ko'ina ka duba shanya ce a jikin katangar makaranta.

Muka hau boksi, wato akori-kura, mata a tsakiya bisa buhuna, maza a gefe ƙafafu na lilo. Hanya ta bushe amma ba ta huce ba, duk sawun tarakta ne. Hagu da dama an yanke riɗi an jingina shi tsaye dami-dami, dawa kuma ta fitar da kai. Wajen duwatsun Ƙala'at an-Nahal motar ta kafe a wani kwari, maza suka sauka turi, maƙwabciyata kuwa ta shige gonar mutane tana murza riɗi a tafin hannu tana taya shi, alhali ko mai gonar ba ta gani ba.

Bayan la'asar muka shiga Mafaza. Ƙanshin kogin Rahad ne ya fara tarbata, da hayaƙin tuyar kisra, wainar dawar nan mai faɗi, daga gidaje. Nan aka haife ni. Na wuce ta ƙofar gidanmu na da, wasu ne a ciki, an sare tsamiyar. A ƙarƙashinta innarmu take kafa zana idan ɗiya ta zo haihuwar fari, daga ita sai mai jego, ba mai leƙawa. A nan take koya mana riƙon jinjiri da ba shi mama, tana yi tana zagin mu.

Gidan surukan Batulu na tarar cike da 'yan barka, har bakin ƙofar ɗakin. Mutanen kirki ne, ban ga abin kushewa ba: ga kunun kanwa, ga farfesu, ga itacen wanka jibge. Batulu na kwance kan angareb, gadon igiya, ta juya fuska bango, ta rufe kai da tobi, babban mayafinta. Jinjirin yana cinyar uwar mijinta, wadda kowa ke kira Habboba, wato kaka, tana ɗiga masa ruwan dabino da cokali. Na karɓe shi. Ba nauyi, leɓensa a bushe, kukan ma ba ya fita sosai.

"Mun yi, mun yi, ya ƙi," in ji Habboba. "Dakashin ma na matse shi na zubar da hannuna, nono ya wanku, amma sam."

Na ce a gwada in gani. Aka tashi Batulu, aka ɗora mata shi. Ta riƙe shi nesa da jikinta, kanta a sunkuye, tobi ya rufe komai, idonta a bango. Mata na tsokanarta, "Kai, amarya akwai kunya!" Yaro ya lalubi iska, ya gaji, aka ɗauke shi. Nan na gane. Ɗan fari ne, gaban uwar miji ne, ga dangin miji zagaye. Yarinyar da aka yi wa tarbiyya irin tamu ba za ta kalli ɗan farinta a nan ba, balle ta buɗe ƙirji ta rungume shi. Ai shi ya sa iyayenmu suke ɗauke ɗiya zuwa gida. Kunyar tana nan daram, gidan da ake sauke ta ne babu.

Da safe, kafin 'yan barka su taru, na ji dakan gahawa daga bayan darni, kusa da inda ake wankan jego. Na leƙa. Wata rumfa ce ta kara, ciki wata Bahabashiya daga sansanin gudun hijira da ke kusa da gari, sun fito ita da mijinta aikin riɗi, tana sayar wa leburori jabana, wato gahawar tulu. Hannu ɗaya na juya gahawa a wuta, ɗayan na tallafe da ɗiyarta, wadda ta kama mama tana sha abinta har da harbin ƙafa. Ta zuba mini finjali, muka yi ta hira da guntun Larabcinta.

Na ce wa ya koya mata shayarwa, yarinya ƙarama haka? Ta ce a asibitin sansani, akwai zaman masu ciki, unguwarzoma na nuna musu da 'yar tsana. Ba ta taɓa fashi ba. Na ce ita kam ta yi ƙoƙari. Ta yi dariya ta ce ba ƙoƙari ba ne, tsoro ne. Uwarta na bayan iyaka, ba ta san ko tana raye ba, idan ba ta je can ba wa za ta tambaya? Ga shi wurin kusa da tantinsu, akwai inuwa, akwai mata irinta. Ta ce a cibiyar lafiyar gari ma ana irin zaman, amma 'yan gari ba su cika zuwa ba.

Wannan ba sai an faɗa mini dalili ba. Mai cikin fari ɓoye shi take yi har ya ƙi ɓoyuwa, zama a bencin cibiyar kuwa shela ce. Mai na biyu da na uku tana gona ko tana dafa wa leburori. Idan ma ta so zuwa, sai a ce mata me za su koya miki wanda babu tsohuwar da ta sani a gidan nan?

Da aka gama wa Batulu wanka, na ce wa Habboba zan riƙe ta a baya ta sha iska, na saɓo jinjirin. Muka bi ta ɓarakar darni. Batulu na ja da baya tana cewa, "Inna, idan aka gan ni fa?" Na ce, "Wuce, ja'ira, nan ba wanda ya san sunan ubanki."

Bahabashiyar ta saki buhu a ƙofar rumfa ya zama labule. Ta duba maman, ya kumbura ya yi tauri kamar ɗanyen gwanda, taɓawa kaɗan sai Batulu ta cije leɓe. Ta jiƙa tsumma a ruwan ɗumi ta ɗora, ta tatsa kaɗan ya saki, sannan ta yaye tobin gaba ɗaya ta manna cikin yaron da cikin uwarsa. Ta ce, "Ki dube shi. Idan ba ki dube shi ba, ta ina za ki san ya buɗe baki?" Batulu ta dube ni. Na juya musu baya, na kama juya gahawar mutane.

Ya kama ya saki, ya kama ya saki. Gahawar ta ƙone ban sani ba. Can sai na ji wani ɗan sauti, ƙwat, ƙwat, yana haɗiya. Sai kuma muryar Batulu ƙasa-ƙasa, tana kuka tana cewa, "Sha, ɗana, sha, yi haƙuri." Ban waiwaya ba, don nima fuskata ba ta ganuwa.

Muka yi ta wannan zarya har Habboba ta lura. Ranar nan muna fitowa muka same ta tsaye jikin darni. Batulu ta daskare. Tsohuwar ta karɓi jikanta, ta auna shi a hannu, ta taɓa leɓensa. Ta miƙa wa Batulu shi, ta koma ciki. Da yamma sai ga ta tana jan zana da kanta, ta kewaye bayan ɗakin, ta ce wa 'yan barka mai jego na hutawa, a zauna a tsakar gida. Washegari ita ta rako mu cibiyar lafiya aka duba yaron, ta zauna a bencin nan tana harare-harare. Da muka keɓe ta ce mini, "Ni ina cewa gata nake yi mata. Ko sau ɗaya ba ta ce mini in fita ba." Na ce, "Habboba, ke a naki farin kin iya cewa?" Ta girgiza kai.

Na zauna har aka yi suna. Ranar komawa na kai wa Bahabashiyar turaren wuta da sabulu, ta ƙi karɓa sai da na ɓata rai. Maƙwabciyata ta cika rabin boksi da buhunan riɗi, muka dawo a kansu, ƙafafuna a sanƙare har Gadarif. Mun iso Kassala duwatsun Taka sun yi ja da faɗuwar rana, na sauke jaka na yi alwala.

Ina kewar zanar innarmu, ba zan ɓoye ba, kuma ba na son kunyarmu ta mutu. Amma yanzu duk mai cikin farin da na sani, zan tambaye ta gaban wa za ta iya buɗe ƙirjinta, idan babu, in riƙe hannunta mu je zaman masu ciki tare, a yi ta kallonmu. Da can matan sansani nake tausayi don ba su da kowa. Batulu tana da mutane cike da tsakar gida, duk masu son ta, kuma ɗanta ya kusa mutuwa da yunwa a tsakiyarsu.