Noman Rani Ya Cinye Mana Rijiya

Jiya 'yata ta tono tsohuwar hauyata, na yi dariya har da hawaye.

Bayan babban farin shekarun saba'in, wata ƙungiyar agaji ta turo Bature ƙauyenmu, kusa da Gangara, ya binciki yadda gayya ke haɗa kan jama'a. Mu kuwa rijiya muke fata. Sai ya iso tsakiyar rani!

Maigari ya ce, "Baƙo ba ya komawa haka. A fito da ganguna, a yi masa gayya!"

Muka yini muna noman busasshen rairayi, ni mai guntun lakwal, wato boko, ina tafinta.

Bature ya tambaye ni, "Ba ruwa kuke noma?"

Na daki ƙirji, na kira shi malam da Faransanci. "Mushe, mu haka muke!"

Aka aiko mana hauyoyi mota guda, rijiyar aka kai wani gari. Wai mu ba ma bukatar ruwa.

Jama'a, ku ma kun taɓa burge baƙo har kuka kwana da ƙishirwa?